Kyaftin Ɗan Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa wa kaina sarautar kyaftin ba. Ni ɗan Damagaram, wanda ruwa mafi girma da ya taɓa shiga shi ne kududdufin da ake wanke jakuna, na sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska a hannun wani dattijon Bature. Na jawo shi har bayan gidana a garin McLeansville na Amurka, inda sai ka sha tafiyar awoyi a mota kafin ka ji warin teku. Niyyata in gyara shi, in bar aikin kamfanin kujeru, in ratsa teku har Kwatano. (Eh, na san Nijar ba ta da teku. Matata Hadiza ba ta bari na manta ba.)

Sharaɗi ɗaya Hadiza ta gindaya. “Baban Fati, in ya kai ka tsakiyar tafkin bayan gari ya dawo da kai, ka ajiye aikin, ba zan ce uffan ba.” Ni kuwa don tsabar yarda da kai, tun kafin gwajin na yi sallama da kamfani. Har kek suka yanka min.

Gyara kam na yi shi. Na kankare tsatsa, na shafa fenti, na sake igiyoyi, na ɗinke ƙaton ƙyallen da iska ke turawa. Kuskurena shi ne na yi zancen a masallaci. Kun san halinmu: duk wanda zai je gida, jakar saƙon gari ya zama.

Hajiya Mariyama ce ta fara zuwa. “Ɗana, ɗan saƙo ne, ba nauyi.” Ashe keken ɗinki ne da firji. Sai ga Alhaji Sani mai kanti a High Point Road. “Kai da jirginka, wa zai auna maka kilo? Janareta ce 'yar ƙarama, ka sauke min a Maraɗi.” Da wane baki zan ce wa babba a'a?

Wuri ya ƙare. Ina neman inda zan cusa kaya, na ɗaga katakon ƙasan jirgin na tarar da tubalan ƙarfe jere, masu nauyin tsiya. Na yi tsaki, na ce Bature da tara shirgi! Na kwashe su tas, na zuba atamfofi da takalma a gurbinsu, firji da janareta kuma na ɗaure su a sama. Ranar gwaji mata suka girka tukwanen walima a kan tubalan, suna ta yaba murhun.

Jama'a suka cika bakin tafki. Malam ya yi addu'a, ni kuma na hau cikin babbar riga ina ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a. Na ja igiya, ƙyalle ya buɗe, iska ta shiga. Ko nisan jifa ban yi ba jirgin ya karkata, ya ƙara karkata, ya kwanta a gefensa cikin natsuwa. (Daga baya na ji cewa ƙarafan nan su ke riƙe jirgi a tsaye.)

Na rungume sandar jirgi, ido a rufe, ina kalmar shahada da ƙarfi, ina neman gafarar iyayena. A bakin ruwa ana ta ihu, amma ba sunana ake kira ba. “Kekena!” “Wayyo janareta!” Sai muryar Hadiza ta ratso, ba ko ɗar: “Baban Fati, miƙe tsaye.”

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tako zuwa gaɓa riga na ɗiga, takalman mutane na yawo a bayana. Hadiza ta miƙo min tawul ta ce, a gaban kowa, “Ka tuna Litinin akwai aiki.”

Haka na koma kamfani na roƙi mutanen da suka ci kek ɗina su mayar da ni. Tun daga nan, duk abin da na ga yana da nauyi ban san amfaninsa ba, ina barinsa inda yake. In kuwa zan je gida, ba wanda ke jin labari sai na sauka a Yamai.