Maigadin da ke Cikin Kwamfutata

"Baba, ya sake hanawa!"

Ihun da Auta ta kwarma min ke nan jiya da hantsi, har sabulun aski ya shige min ido. Da azahar za a yi mata intabiyun aikin da ta daɗe tana nema, kuma sun ce lallai ta kwamfuta, don za su ba ta gwajin rubutu suna kallonta. Ga kyamarar kwamfutar gidanmu ta makance gaba ɗaya.

Kwamfutar nan kyautar sallama ce daga ofishinmu ranar da na yi ritaya. Mai Girma Shugaban Sashen Saye-saye da hannunsa mai albarka ya miƙo min ita a naɗe cikin ƙyalle mai walƙiya, ya sanar wa taro cewa sabuwa ce fil. Ina buɗewa na ga tabon kofin shayin da na bari a murfinta tun gashina na baƙi. Na rusuna, aka tafa.

Auta ta gano maganin makantar. Akwai wata 'yar manhaja da ke kwance a ƙashin injin, bayos suke ce mata, ita ke tashin komai daga barci. Tamu ta tsufa, sai an sabunta ta. Yarinya ta sauko da sabuwar daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. Amma da ta danna, sai manhajar tsaron da ofis ya dasa, wadda muke kira Maigadi, ta baje jan allo: "An tsare baƙo. A nemi izinin shugaba."

Jama'a, ku san waye Maigadi. Tallan maganin tumbi ta gabansa yake wucewa. Saƙon cewa na ci gasar da ban shiga ba, yana sara masa. Wani abu ya shigo bara ya lamushe hotunan jikokina, ko tari bai yi ba. Amma ranar da mai gyara ya zo da shaidar kamfani a hannu, ranar ce ya tuna an ɗauke shi aiki.

Na kira ofis. Aka ce ɗan kwangilar da ya dasa shi ne kaɗai ya san kalmar sirri. Ina ɗan kwangilar? Ai Allah ya ɗaga shi, yanzu shi ma yana da nasa masu gadin. Amma kada in damu, za a kafa kwamiti.

Maƙwabcina mai walda ya leƙo ta katanga. "Malam, a ba shi na shayi mana, kowa ya huta."

"Maƙwabci, abin da ya ɗaure min kai ke nan. Shi kaɗai ne maigadin da na sani ba shi da aljihu."

Auta ta fara share ido da gefen mayafi. Ni kuma na kafa hanci a allo ina ta ƙanƙance ido, don tabarauna ya karye. Uwar yara ta gaji da kallona.

"Auta, jona masa ita a talabijin ya karanta da manyan baƙi, ya daina hura miki numfashi a wuya. Da ma can a ofis ba ganewa yake ba."

Ana jona wayar talabijin, jan allo ya koma kore shar. Na karanta da ƙarfi: "Ana gabatar da jawabi. An dakatar da duk wani bincike har manya su tashi taro."

Sai na tuna! Wata rana Rankashidaɗe yana jawabi a gaban baƙi kan nasarorin da bai samu ba, Maigadi ya faɗo kan babban allo yana ihun akwai ɓarna a ciki. Washegari aka umarci ɗan kwangila ya koya masa ladabi: da ya ga babban allo, ya kama bakinsa. Allah ya saka wa shugabanninmu, sun yi mana tanadi ba su sani ba.

"Danna, Auta!"

"Tsaya, Baba. An rubuta in wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, injin ya mutu ke nan har abada."

Batirin kwamfutar ya riga mu gidan gaskiya tuntuni, wutar gari kuwa kun san halinta. Mai walda ya jawo mana waya daga janaretonsa, da ɗan guntun man da ya samu bayan ya wuni a layi har ya yi abokai. Wani siririn layi ya fara rarrafe a allo kamar aikin titin unguwarmu. Yana kai rabi janareto ya soma tari. Mai walda ya rungume shi ya karkata shi gefe don ɗigon ƙarshe ya gangara, yana lallashinsa: "Haba ɗan albarka, kada ka ba ni kunya gaban mutane!"

Allo ya yi baƙi ƙirin. Uwar yara ta dafe ƙirji. Can sai injin ya yi ƙara, ya farka, kyamara ta buɗe ido. Fuskar farko da ta gani a sabuwar rayuwarta tawa ce, baki buɗe, rabin gemu da sabulu.

Da azahar wutar gari ta yi mana kara ta zauna. Auta na ɗaki tana amsa tambayoyi da murya kamar ba ita ke kuka ɗazu ba, sai aka buga ƙofa. Wani mai kwat ne, katin aikin tsohon ofishinmu na lilo a wuyansa.

"Kai ne mai kwamfutar ofis? Ɗazu ta farka ta gaisa da na'urarmu. Cikin duk sababbin da aka saya wa ma'aikata, ita kaɗai ta taɓa amsawa. Gobe masu bincike za su zo ganin kaya. Fito da ita."

Na leƙa bayansa, ga mota, ga ƙyallen nan mai walƙiya a ninke a kujera. Na gyara tsayuwa, na rage murya.

"Yallaɓai, manya na taro a ciki."

Nan take ya haɗe ƙafa, ya ɓalla maɓallin kwat, ya nemi benci ya zauna shiru. Auta ta gama lafiya. Shi kuwa da safen nan ya dawo da ƙarin mutum biyu, suna kan benci, kuma har yanzu ban sanar da su an tashi taro ba.