Yadda Ake Cin Makin Aikin Rukuni da Goyon Baya Kaɗai

Ɗalibi, matso kusa. In malama ta raba ku rukuni-rukuni, ta ce rabin makinka abokan aikinka ne za su bayar, kada cikinka ya ɗuri ruwa. Ga hanyar da ba ta taɓa ba da kunya ba. Gwaninta wani ɗan ajin ƙarshe ne da ake kira Ba-Matsala, wanda darasin nan kaɗai ya rage masa ya gama jami'a, har babansa ya gama shela a unguwa cewa ɗansa ya kusa kammalawa.

1. Zo a makare, amma da haki. Wanda ya faɗo ɗakin karatu yana sharce gumi ba a tambayarsa inda ya tsaya. Kujera ma ake ba shi.

2. Riƙe magana ɗaya. Kome aka faɗa, ka gyaɗa kai ka ce, "Na goyi baya." Ran da mutum biyu suka yi saɓani, Ba-Matsala ya goyi bayan su duka, kowa ya tafi yana yaba hankalinsa.

3. Zaɓi aikinka da kanka. Ce kai za ka haɗa komai a ƙarshe. Ƙarshe nisa gare shi. In ya matso, ai kwamfuta ma tana rashin lafiya.

4. Ranar ba da maki, zauna a gaba. Haka gwanin ya yi. Malama ta nuna shi, ta tambayi shugabar rukunin, "Wannan fa, me ya yi muku?"

"Malama, ya goyi baya."

Ba-Matsala ya gyara zama.

"Mu kuma muka goya shi tun farkon zango. Wallahi bayanmu ya gaji," in ji shugabar.

"To, goyon da ya kai ajin ƙarshe ai ya isa yaye," in ji malama. "Taso ka yi mana bayanin aikin, kai kaɗai."

Ya miƙe, ya ƙura wa allo ido, ran nan ya fara ganin sunan aikin. Da ƙyar ya ce, "Na goyi bayan abin da ke rubuce."

A kula: wanda ya bi matakan nan ya sha ƙasa, ba ruwana, kada ya neme ni. Mai ƙorafi ya nemi Ba-Matsala, yana nan yana maimaita aji. Malama ta naɗa shi shugaban sabon rukuni, kuma kome ya faɗa, duk sai su gyaɗa kai su goyi baya.