Kafinta a Jirgin Sama

Wani kafinta ne yayansa ya samo masa aiki a wani birni can ƙetaren teku. Ya buga masa waya ya ce, "Ka iso ranar Litinin kafin a tashi daga aiki. In ka makara, wani za su ba."

Mutumin bai taɓa hawa jirgi ba. Ya je ofishin sayar da tikiti, ya tarar da wata mata tana danna kwamfuta, ga taswirar duniya manne a bango.

Ya ce, "Hajiya, garin nan da nisa?"

Ta ce, "Da nisa sosai."

Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ɗora a kan taswirar, ya kanne ido ɗaya. Ya ce, "Inci bakwai ne. Ko ƙafar kujera bai kai ba."

Ta ce, "To ai sai ka taka da ƙafa, Malam, ka huta da layi."

Ya karɓi tikiti ya duba. Tashi ranar Litinin sha ɗaya na safe, sauka biyu na rana. Matar ta fara cewa, "Ka ga, agogonsu da namu ba ɗaya…" Ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi da ke auna katako kullum ba za a koya masa lissafi ba. Awa uku ce.

A gida matarsa ta ƙulla masa guzuri, ya ce ta mayar. "Tafiyar da kafin ki gama wanki na isa?"

Jirgi ya tashi. Ma'aikaciya ta kawo abinci, ya ce a ƙoshe yake, matar yayansa ta ɗora tukunya. Wani dattijo da ke zaune kusa da shi ya karɓi nasa, ya karɓi na kafinta, ya share duka.

Da agogonsa ya nuna biyu, gogan naka ya miƙe, ya sauko da jakarsa, ya je ya tsaya a bakin ƙofa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, ina zuwa?"

"Sauka."

"A kan teku muke."

"To wa ya ce direba ya biyo ta teku?"

Da ƙyar ta mayar da shi kujera. Ya zauna, ciki na kuka. Agogo ya nuna biyar, ya nuna bakwai. Aiki dai ya tafi, in ji zuciyarsa. Ya leƙa taga, ga rana tsaye ƙyam inda ya bar ta. Ya duba ɗan talabijin ɗin da ke gabansa, ga hoton jirginsu a tsakiyar ruwa, ko motsi ba ya yi.

Ya taɓa dattijon da ke gyangyaɗi. Ya rage murya ya ce, "Baba, ɓoye mana suke yi. Tun ɗazu rana na wuri ɗaya, mu ma muna wuri ɗaya. Jirgin nan ya mutu a hanya."

Dattijon ya buɗe ido ɗaya, ya dube shi, ya gyara bargo.

Ya ce, "Ya mutu kam, ɗana. Sauka ka tura, zan riƙe maka jakar."