Gwiwar Auta

A'a, ku dakata tukuna. Nan ne kowa ke kuskure: da an ga mai rubutu ya ce bai kamata a kira wane ƙungiyar ƙasa ba, shi ke nan an yanke hukunci, ko hassada ce ko an cika masa aljihu. Ba mai tsayawa ya tambaya ko akwai abin da idonsa ya gani wanda 'yan kallo ba su gani ba.

Haka aka yi wa wata 'yar jarida mai rubuta labarin ƙwallo a wani ƙaramin shafi na intanet. Ranar da jerin sunayen 'yan wasan ƙasa ya fito aka ga sunan ƙaninta a ciki, Auta, wanda 'yan kallo ke kira Walƙiya. Unguwa ta ɗauki ihu, masu babura suka yi ta zagaye suna hon. Ita kuwa sai ta rubuta layi uku, ta ce kiran nan bai zo a lokacinsa ba, koci ya sake dubawa. Ba ta faɗi dalili ba. Kafin yamma an zagi uwarta, wadda ita ce dai uwar Walƙiyan da suke karewa. An ɗora kanta a jikin jaki a hoto, an rubuta "maƙiyiya" da gawayi a ƙofar gidansu. Uwar ta daina amsa gaisuwarta. Da gari ya waye mai shafin ya ba ta zuwa azahar: ko ta kawo wanda zai tsaya ya tabbatar da abin da take nufi, ko ta goge ta ba da haƙuri. Washegari da safe Auta zai tafi sansanin ƙungiyar.

Abin da take nufi gwiwarsa ce ta dama. Mutum ɗaya ne ya taɓa gwiwar nan da hannunsa, kakansu na wajen uwa, mai ɗori.

Ta same shi da hantsi a ɗakin da yake aiki, yana zaune kan tabarma yana fere karan ɗori da 'yar wuƙa. Kwalaben mai a jere a taga, tsummoki rataye a ƙusa, warin man zafi ya kama bango. Bencin da masu karaya ke jira a kai yau ba kowa, sai katan-katan na lemo da biskit da masu zuwa taya murna suka jibge. A hannunta akwai leda, rigar ƙwallon da ya aike ta ta sayo masa ce tun kafin rigimar ta tashi.

"Lafiya lau muka tashi, mu da ƙasa ke so," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ke fa, da ƙasa ke nema?"

"Ni ma lau. Ga rigarka. Mai shagon ya tambaye ni ta wa ce, na ce ta wani tsoho ce da bai san ko ƙwallo zagaye take ba."

Ya warware rigar ya ɗaga ta sama, ya ce mutum uku za su shiga ciki su yi hira, da gangan ta zaɓo masa buhu. Ta ce ita ce mafi ƙanƙanta a shagon, daga ita sai ta jarirai, kamfanin bai san akwai masu ƙashi da fata kaɗai a cikin magoya baya ba. Ya ce wannan ƙashin da take rainawa shi ya haifi ƙafar da ƙasa ke taƙama da ita yau. A zamaninsa, in ji shi, ya taɓa buga wata ƙwallo ta karya turken raga, sai da aka tsayar da wasa ya ɗora turken da hannunsa, kwana arba'in ya warke.

"Kai da in an maimaita ƙwallo a talabijin kake ƙirga ta biyu?"

"Ai ta shiga sau biyu, ina kallo."

"Rannan har huɗu ka ƙirga wa Auta a wasan da aka tashi ɗaya da nema."

"Rowa ce irin ta alƙalan wasa. Irin taki."

Ya ajiye wuƙar ya gyara zama, ya ce ai an karanta masa abin da ake rubutawa a kanta, har ya haddace wasu. Wani ya ce Auta ne ya hana ta sabuwar waya. Wani ya ce mace da ba ta taɓa saka takalmin ƙwallo ba me ta sani. Wani ya ce a nuna masa gidansu. Saboda haka shi ya yanke shawara, ya sake ta, ba zai ci gaba da zama da matar da ko kare ba ya amsa mata sallama ba. Ta ce ta gode Allah da ya raba ta da wahala, sai dai ya faɗa mata wa zai kwashe shi, da haƙora huɗu, biyu ma ba sa ga maciji da juna. Ya ce tun da sunan jikansa ya fito zawarawa ke layi. Ta ce lemon suke bi.

Suna cikin haka wani mai gyaran babur ya leƙo, ya durƙusa ya gai da tsohon, ya kira shi tushen Walƙiya. Da ya juyo ya gan ta sai fara'ar ta ɗauke. Ya ja tsaki mai tsawo, ya tofar da yawu a bakin ƙofa, ya wuce. Kakan ya bi yawun da ido. 

Ta jawo 'yar kujerar da masu ciwo ke ɗora ƙafa a kai ta zauna. Sati uku da suka wuce a kan wannan kujerar ta ga ƙafar Auta. Ta shigo da sassafe kawo wa tsohon abin kari, ta tarar da ƙaninta kwance ya ciji tsumma, gwiwar ta kumbura ta yi sumul kamar tulu, kakan na jan ƙwaurin a hankali yana sauraro da yatsunsa. Daga baya ta tsinci kwalaben allurar kashe zafi a jakar takalmansa. Da ta yi masa magana, Auta ya ce in ta buɗe baki ta ɗauka ba ta da ƙane.

"Kaka, mene ne a gwiwar?"

"Ƙashi da nama, kamar ta kowa. Ke da kika yi boko."

"Ka ɗora ta?"

"Shekara hamsin ina wannan aiki. Ba wanda aka shigo da shi ɗakin nan a kafaɗa da bai fita da ƙafarsa ba."

"Ban tambaye ka shekara hamsin ba. Sati uku na tambaye ka."

Ya ɗauki wuƙar ya koma kan karan, yana ferewa har ya wuce inda ya kamata. Ya ce yaron nan tun yana yawo ba wando yake bin wannan abu. Ya ce irin wannan kira ba ya zuwa sau biyu, in bai je ba wani zai saka rigar, kuma wanda ya saka ba ya cirewa. Ya ce uwarsu ta yi shekara goma tana wanke kayan wasa cike da laka, yanzu da mutane suka fara tsayawa gaishe ta a hanya sai 'yar cikinta ta zo ta watsa ƙasa a ciki. Wasa ɗaya ne, minti casa'in, in ya dawo sai a san abin yi.

Ta ce allurar ba ta gyara komai, rufe masa ji kawai take yi. Zai yi ta gudu a kan abin da ya tsage har ya ƙarasa tsinkewa, kuma waɗannan masu hon ɗin su za su fara cewa a cire gurgu. Ta ce likitocin sansani za su tambaye shi ko akwai ciwo, ya ce babu, ya yi musu tsalle biyu da allura a jikinsa, su buga masa hatimi. Ita ba ta da hoton asibiti, ba ta da takarda. Ba ta da kowa sai tsoho mai haƙora huɗu.

"To ki nemi wani mijin. Na ce na sake ki."

"Da ka ja ƙwaurin, me ka ji?"

Ya ci gaba da fere karan.

"Ina tsaye a bakin ƙofa, Kaka. Na ga fuskarka."

"Fuskata kullum haka take. Ke kika gaje ta."

Akwai maganar da 'ya'yansa ba za su iya faɗa masa ba, ko uwarta ba za ta iya ba. Jika ce kaɗai ke da wannan bakin. Ta san haka, ta kuma san in ta faɗa ba wasa ba ne kuma. Ta duba agogon waya, sha ɗaya ta wuce.

"Ni na gane. Ba Auta kake karewa ba. Tsoro kake ji a ce akwai ciwon da ya shigo ɗakin nan ya fi ƙarfin hannunka. Gara yaron ya rasa ƙafa da a ce mai ɗori ya ce ban iya ba."

Wuƙar ta tsaya. Ya dube ta da idon da ba ta taɓa gani ba. Ta jira ya kore ta. Bai kore ta ba, ya dai miƙe ya juya mata ƙeya yana gyara kwalaben taga waɗanda ba abin da ya same su.

Ta sunkuya ta fara rubutu a wayar. Ƙarar babura na shigowa daga titi. Can ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, wace ƙaryar ake shiryawa kuma. Ta ce ban haƙuri ne, mai shafin na jira. Ya ce ta karanta ya ji ko ta iya. Ta karanta masa: cewa abin da ta rubuta ba shi da tushe, cewa Walƙiya lafiyarsa ƙalau, cewa son zuciya ne ya ja ta, tana roƙon magoya baya su yafe mata.

"Sake karanta na tsakiyan."

"Walƙiya lafiyarsa ƙalau."

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Sannan ya dawo ya zauna a hankali, yana dafa bango.

"Goge. Jikata ba ta ƙarya. Muni ne kawai da ita, da rashin kunya."

Ya ce da ya ja ƙwaurin, zamowa ya yi gaba kamar durowar tebur, ba abin da ya riƙe shi. Tun ranar ya san ba aikinsa ba ne. Shi ƙashi yake haɗawa, wannan kuwa jijiya ce a can ciki, sai an buɗe. Sati uku yana shafa mai yana ɗaurewa, don yaron ya riƙe masa hannu yana kuka, shi kuma bakinsa bai saba da waccan kalmar ba. Ya tambaye ta a ina ake magana a jikin abin. Ta danna wajen ɗaukar bidiyo ta miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba madubi.

"Ni ne kakan yaron da kuke kira Walƙiya, kuma ni ne mai ɗorin da ya duba shi. Gwiwarsa ta dama ta fi ƙarfina. Ban iya ba. Asibiti take so, ba fili ba. Wadda kuke zagi gaskiya ta faɗa. Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Ku da kuke ganinsa yana sauka daga babur da ƙafa ɗaya, ku da kuke atisaye da shi, kai mai yi masa allura, duk kun yi shiru don kuna son a ci muku ƙwallo. Kowa ya fito ya faɗi abin da ya gani. Mai son zagi kuma ga ni nan, ɗakina ba shi da ƙyaure."

Ya miƙo mata wayar. Ta riƙe, ba ta tura ba. Ta ce ya sani fa, in wannan ya fita, bencin nan zai koma wayam, uwarsu za ta haɗa su biyun ta daina gaisarwa, kuma Auta ba zai yafe ba. Zai zo har nan ya faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kaka.

Tsohon ya yi wata 'yar busasshiyar dariya, haƙoran nan huɗu a waje, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya zo. Da ƙafa biyu nake so ya zo ya zage ni. Tura, mummuna."