Yadda Na Zama Ladan

Wataƙila na manta wasu abubuwa, amma ƙarar ba ta mantuwa. Kawuna na Talata Mafara ya sayo sabuwar talabijin, ya ce tunda na yi jami'a in haɗa sautinta da tsohuwar amfilifayarsa. Na jona a tsanake. Na ji shiru, sai na murɗa sautin har ƙarshe. Ashe tun tafsirin azumi wayarta na haɗe da lasifikar masallacin ƙofar gida. Kiɗan damben da ake nunawa a talabijin ya lulluɓe unguwa, ni kuwa na saki baki ina mamakin kyawunsa.

Liman ya leƙo: "Ɗana, wanga wane irin kiran salla na?"

Har yau Ladan ake kirana. Wanda ya shaida, don Allah ya gyara mini.