Ranar da Na Kwantar da Mutanen Kusasu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwantar da rabin mutanen Kusasu a ƙasa ba, ni kaɗai, ba bindiga ba sanda.

Ni tela ne a Birnin Gwari. Shekara da shekaru ina sunkuye a kan keke, har bayana ya lanƙwashe kamar lauje (matata ta ce in ina tafiya sai ka rantse allura nake nema a ƙasa). Da ciwo ya ishe ni, aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar asibiti, Madam Rahila, mai gyaran baya da motsa jiki, ba allura ba ƙwaya. Ta koya mini zama, ta koya mini tashi, ta koya mini tsayuwa, ni da gemuna. Ta ce, "Malam, duk lokacin da bayan ya riƙe, ka kwanta rigingine a ƙasa, ka ɗaga gwiwoyi, ka saki wuya. Amma a hankali fa." Wannan "a hankali" ɗin a asibiti na baro shi, don tun ina yaro ba a san ni da natsuwa ba.

Ana nan sai aka wakilta ni in je Kusasu nema wa ƙanena Sani aure. Ya shekara biyu yana zarya, uban yarinyar kuwa, Malam Audu, ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ga irin mutanen gidanmu. Wato dai ni ne samfurin.

Muka hau babur ni da Sani, muka bi ta daji, rami na miƙa mu ga rami, ido na kan kowane kurmi. Kafin mu isa bayana ya sandare. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, dattawa suka zauna, aka shiga gaisuwa. Ni kuwa sai mutsu-mutsu nake, in karkata nan in karkata can, gumi na zuba. Na ce a raina bari in zagaya bayan rumbu in yi kwanciyar Madam. Na miƙe zumbur, na ɗiba da sauri, ban kai rumbun ba ciwo ya soke ni. Sai kawai na zube a fili.

To, kowa ya san abin da muka sha a hannun 'yan bindiga a yankin nan. In ka ga mutum ya tashi a guje ya kwanta ƙasa, ba ka tsayawa tambaya. Wata mata mai daka ta yar da taɓarya ta ƙwalla ihu, "Sun shigo!" Nan take wasu suka faɗa gonar dawa, wasu suka kifa ciki, kaji ma suka yi ta kansu.

Ina kwance, gwiwa a sama, ina ta faman sakin wuya, sai na ji an rarrafo kusa da ni. Malam Audu ne, ba hula, babbar rigarsa buɗu-buɗu da ƙasa. Ya raɗa mini, "Ɗana, ta ina suka ɓullo?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba... ba kowa. Motsa jiki nake. Na ciwon baya."

Ya tashi zaune ya ƙura mini ido. Kunya ta rufe ni, ga tausayi, don na tayar wa bayin Allah tsohon tsoro a banza. Sai da aka yi kusan awa ana kiran mutane daga gona. Sani ko kallona ba ya yi, ni ma na sallama cewa na kashe masa aure tun ba a ɗaura ba.

Da aka sake zama, Malam Audu ya karkaɗe hularsa ya ce, "Mun ba Sani. Ina kallonsa, da kowa ya watse, shi tsohuwarmu ya tsaya ya goya. Kai kuma, ranar ɗaurin aure, in bayan ya motsa, ka sa a yi shela tukuna."

Har yau ina kwanciyar Madam, bayan ma ya miƙe, alhamdulillahi. Sai dai na ƙara mataki ɗaya da ba ta koya mini ba. Ko a shagona ne, kafin in kai ƙasa sai na leƙa waje na ɗaga murya: "Jama'a, lafiya lau, baya ne!"