Tebur Mai Kujera Uku a Jirgin Nilu

"Lafiya ƙalau na wuni, tunda ban ga fuskarka ba tun safe," in ji Hajiya Hauwa, tana gyara baƙin gilashin da likita ya sa mata.

Da jikanta Nata'ala take magana, ɗan 'yarta, shekararsa huɗu yana karatu a Alƙahira. Mahaifinsa, Alhaji Ya'ƙub, shi ya kawo surukar tasa aka yi mata aikin ido, da aka sallame ta ya ce sai ta huta a jirgin ruwan shaƙatawa na Nilu. Jirgin na ɗaure a gaɓar Giza tun jiya, sai gobe zai tashi. An ba su tebur guda a ɗakin cin abinci, mai kujera uku. Ita kuwa shekara ashirin da shida ba ta taɓa kai loma baki a gaban mijin 'yarta ba, kuma ba a kan ruwan Masar za ta fara ba. Dambun naman da ta ƙunso daga Gusau ya ƙare da safe, ga magani da ba a sha sai da abinci a ciki. Yunwa take ji ta gaske, amma bakinta bai karaya ba.

"Da wane idon za ki gan ni? Ɗaya aro ne, ɗayan yana jiran layi."

"Da na aron na gane munin mijin da na aura. Da na sani na ce likita ya bar mini yanata."

"Yalla, tsohuwa, tashi. An zuba abincin rana."

"Na ƙoshi."

"Da me? Da kallon ruwa?"

"Da abin da ka kawo mini. Miji ɗalibi, ko albasa bai taɓa shigowa da ita ba."

"Ni da na saya miki jirgi sukutum?"

"Kai? Kai da takalminka ke gaida mutane tun kafin ka buɗe baki?"

Ya zauna a bakin gado, ya fara lissafi da yatsu. "Akwai tattabara da aka cusa wa shinkafa. Akwai gasasshen kifi. Akwai mulukiyya, miyar lalo ce ta yi karatun boko. Idan hawa bene ne ba kya so, ga waya nan kusa da kanki, ki danna, a kawo miki har ɗaki."

Hajiya ta haɗiye yawu a hankali don kada ya ji. Ta san da zancen wayar. Amma a ganinta, mutum ya ɗauko ka tun daga gida, ya yi maka tebur, sai a ga ana shigar maka da tire a ɓoye, ai ka nuna ba ka son zama da shi ke nan.

"In kira su da wane yare? Larabcin salla kawai na iya. In ce musu amin su kawo kifi?"

"Ni zan kira."

"Kai da ka shekara huɗu ba ka koyo komai ba sai yalla da kalas? Uwarka na can tana cewa malami take jira."

"Malamin ne ya gano ciwonki. Kunyar Baba kike ji."

Ta juya fuska wajen taga, inda wani kwalekwale mai farin tanti ke wucewa. "Rufe mini baki, mara ta ido. Ka je ka taya mahaifinka cin abinci, kada ya zauna shi kaɗai."

"Wane mahaifin? Tun jiya ni kaɗai ne a teburin nan. Ke kin ce jiri, shi ya ce ciwon kai. Masu hidima har sun fara yi mini kallon maraya."

"Ba shi da lafiya?"

"Garau yake. Yanzu na iske tire a ƙofar ɗakinsa, an suɗe faranti tas. Na matsa masa, sai ya ce wai ya bar miki teburin ne ki sake ki ci, tunda ya san ba za ki iya a gabansa ba. Yana can yana zaton kina sama kina yagar tattabara."

Abin ya ba Hajiya dariya, ya kuma ba ta tausayi, don ta san Alhaji mutum ne mai son hira a kan abinci, ga shi ya kulle kansa a ɗaki kamar mai takaba saboda ita.

"To rabon mutum biyun ina ya tafi?"

"Na adana muku shi a wuri mai aminci." Ya shafa cikinsa.

"Ɓarawo! Shi ya sa kumatunka suka riga ka shigowa!"

"Almubazzaranci haramun ne, Hajiya, mun karanta."

"A nan kaɗai karatun ya zauna." Ta laluba mayafinta, ta miƙe. "Ga hukunci. Tebur da rana nawa, da yamma na mahaifinka. Kai kuma azumi."

"Wa zai riƙe miki hannu a bene?"

Ta dubi ƙofar, ta dubi ƙafafunta. Dariya ta ƙwace mata. "Ka ci wannan. Zo nan, mummuna."

Sai da suka fito ta tsaya, ta rage murya. "In mun hau, ka sa su zaɓi tattabarar da ta fi ƙiba su kai masa ɗaki. Kada ka ce ni na aiko."

"In ce wa?"

"Ka ce kai ne. Sau ɗaya dai ya ji daɗin haihuwarka."